Fayafayan Sallar Layya da Kabar Gonarmu

A gonarmu ta gado da ke cikin fadama, gabas da Matankari, akwai wani gefe da ba a taɓa sa masa fartanya ba. Goriba ce tsaye a wurin tun zamanin kakan babanmu, ƙarƙashinta kuwa kaba ta yi cunkus, kore shar ko da rani ya ƙone komai. Daga nan matan gidanmu ke yankan ta saƙar faifai. Kakata ta koya wa innata, innata ta koya mini da zagi da dungurin kai. Ƙa'idar ita ce sabon toho kaɗai ake yanka, a bar wa gindin sauran, a shanya a inuwa don kada ya yi fari fat. Sannan a rina wani da karan dafi, a zauna saƙa tun wata guda kafin Sallar Layya.

Shekarar da babanmu ya rasu, ƙaninsa, baffanmu, ya dawo daga Kwatano da injin ban ruwa da manyan shawarwari. Shi ne babba a gida yanzu. Ya zagaya gona sau ɗaya ya ce za a tumɓuke kabar nan bayan Sallah a zuba albasa. Wai wa ke rufe abinci da faifai yau, kowace mace da kularta mai murfi. Ni kam raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara ɗaga murya, inna ta harare ni na haɗiye sauran.

Ita ba ta yi gardama ba. Tsokanarsa ma ta yi, irin wasan da ke tsakanin mace da ƙanin miji, ta ce albasa ai ta dace da shi, tun yana yaro ba ya rabo da hawaye. Ya yi dariya, ya ɗauka magana ta ƙare.

Muka duƙufa saƙa, ni da ita da ƙannena mata, har yatsunmu suka yi kanta. Ban gane inda ta dosa ba, don ko ɗaya ba ta ware na kaiwa kasuwa ba. Ranar Sallah aka gasa raguna a jikin itace kewaye da wuta kamar kullum. Kashegari, ranar rabon nama, ta sa aka rufe kowane kwano da sabon faifai. Ta ce duk gidan da muka shiga mu ce in ji baffa, kuma kwano kaɗai za a dawo da shi, faifan nasu ne.

To, a garinmu ba a yi wa mace godiyar abin da ya fito daga gida, maigida ake yi wa. Da baffa ya fita gaisuwar Sallah, duk zauren da ya shiga sai an tare shi da maganar faifai. Tsofaffi suka riƙa juya shi a hannu suna cewa rabonsu da ganin irin wannan saƙa tun kakata na da ƙarfinta. Wani dattijo, abokin kakanmu, ya riƙe hannunsa ya daɗe yana sa masa albarka, ya ce ɗan halak ke nan, wanda ya je birni ya dawo bai taɓa kabar ubanninsa ba. Baffa ya amsa amin.

Da la'asar ya shigo gida, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya tsaya kan inna tana tsame soyayyen nama daga mai.

"Ke kam kin ɗaure ni," ya ce. "Gari duka na gode min bisa abin da ni ka shirin tumɓukewa."

"Ni mi na yi? Nama ɗai na raba," in ji ta, ko kai ba ta ɗaga ba.

Na tsere ɗaki na toshe baki da zane, dariya na neman kashe ni. Daɗin da na ji ranar nan har yau ban manta shi ba.

An haƙa rijiyar albasa a can yammacin gona, kuma albasar ta yi kyau, ban hana masa wannan ba. Da damina ta kusa, shi da kansa ya sa aka kewaye kabar da shingen ƙaya saboda shanun makiyaya. Bara ya rako jikarsa wurina, ya ce in koya mata saƙa, kuma kada in raga mata.