Kwalbar da na kai masallaci

Da safen nan aka kira ni, wai Dakta Haruna ya rasu. Har yanzu shayin da aka ajiye mini yana nan, na kasa sha.

A Alƙahira na san shi, shekarun tamanin, ina ɗalibi. Scholarship ba ya isa, sai na kama aiki a wata masana'antar katifar soso kusa da unguwar Hayyin Ashir. Shi kuma chemistry yake karantawa. Duk Juma'a a ɗakinsa na unguwar Darrasa muke cin tuwo, shi ke tuƙawa, ko tukunya ba ya bari mu wanke.

Tari ya dame mu ma'aikata a wurin aiki. Maigidan masana'antar sai ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ya raba mana madara, wai tana kashe guba. Haruna ya ce madara ciki take zuwa, ba huhu ba. Sinadarin haɗa soson, isocyanate, shi muke shaƙa.

Da ƙyar ya samu izinin auna iskar. Ya maƙala mini 'yar kwalba mai ruwan magani a wuyan riga, da ƙaramin famfo mai zuƙo iska ta cikinta. In ya kai lab ya ɗiga wani sinadari, ruwan zai yi ja gwargwadon gubar.

Maigidan ya ja ni gefe ya ce in ruwan ya yi ja, khalas, za a rufe masana'antar, kowa ya nemi wani aikin.

Tsoro ya kama ni. Na tafi sallar azahar da kwalbar a wuyana, ban fito daga masallacin ba sai la'asar.

Ruwan ya fito kusan fari. Ba a sa fanka ba, ba a ba kowa takunkumi ba. Haruna ya nemi ya sake aunawa, aka hana shi shiga. Issufu ɗan Maraɗi, wanda muke inji ɗaya da shi, kafin shekara asma ta mayar da shi gida.

Bara na je gaida Dakta a Zariya. Na fara ba shi labarin, ya ɗaga mini hannu.

"Ƙanena, tun ranar na sani, iskar masallaci ka kawo mini. Ni ne na ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka."

Shi ya yafe mini, Issufu kuwa ban san inda zan same shi ba, ban ma san ko yana raye ba.

Allah ya jiƙan Dakta Haruna, ya yalwata masa kabarinsa. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ku haɗa da Issufu.