Matar da Ba Ta Shiga Ruwa

Tun da ƙaramar hukuma ta miƙa wa kamfani wurin iyon garinmu, mai ceto ɗaya ya rage, shi ne kuma mai sayar da tikiti. Ɗayar, Noelene, an sallame ta.

Na kawo jikokina cikin zafin Janairu. Ga wata dattijuwa zaune a bakin ruwa, rana ta ƙona fatarta, rigarta mai tambarin hukuma ta koɗe. Idonta na bin ruwan, leɓenta na motsi. Kawunan yara take ƙirgawa.

"Noelene, ba an sallame ki ba?" in ji wani tsoho. "Je ki gida mana."

"Matsa, Des, ka tare min wajen zurfin."

Mai ceton ya koma tagar tikiti. Noelene ta sunkuya tana kwance igiyar takalmanta, idonta bai bar ruwan ba.