Kwana huɗu ina juye wa awaki tuwona

Salamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya, ina raye.

Cikina na fari yana wata bakwai mura mai zazzaɓi ta kama ni a Wurno. Ko ruwa na sha sai ya dawo.

Inna, uwar mijina, kullum takan aiko mini tuwo da miyar kuka. A gidanmu ba a mayar wa suruka kwano cike. Sai in juye wa awaki, in wanke, in aika mata da godiya. Kwana huɗu ina wannan wauta, ban sa komai a ciki ba.

Rana ta biyar numfashina ya koma sama-sama, kamar na yi gudu. A asibitin garinmu aka soki yatsana, sukari daidai. Likita ya tambaya ko ina cin abinci.

Inna ta riga ni. "Tana ci, likita. Kullum kwanon wayam shika dawowa."

Na sunkuyar da kai. Kunya ta hana ni ƙaryata ta. Aka ba ni maganin mura muka koma gida.

Washegari ban gane mijina ba. Ta Achida aka bi da ni zuwa Sakkwato, ban san an bi ba. Can wata likita ta auna fitsarina, ta ce yunwa da zazzaɓi sun sa jikina cin kitsensa har jinina ya yi tsami. Ta ce mai ciki na iya kai wa haka sukarinta lafiya lau.

Kwana tara ina kwance, ƙarin ruwa mai sukari a hannu ɗaya, maganin insulin a ɗayan, ana ɗibar jini safe da yamma. Maigida ya sayar da albasarsa tun tana gona.

Da na farfaɗo Inna na riƙe da ƙafata. "Ɗiyata, don mi ba ki hwaɗa min ba?"



Na gode wa Allah, da likitar nan, da ku masu addu'a. Mai ciki, in kin wuni kin kwana abinci bai zauna ba, ki faɗa, ko gaban wa. Ki roƙa a auna fitsari, kada sukari daidai ya kwantar miki da hankali.

Ni na warke. Yaron da ke cikina bai zo da rai ba, an binne shi ina sume. Sun ce namiji ne, mai yawan suma. Ban gan shi ba.