Guntun da Kaka Ta Zaro Daga Murhu

Ƙarfe bakwai saura minti goma ne. Na sani domin na ɗaga kai na dubi agogon bango a daidai lokacin da Kaka ta rafka salati.

A shekarun nan dokar hana fita ce ke tara mu a tsakar gidanmu na Gwange tun kafin magariba. Kaka, mahaifiyar babanmu, ta gudo daga ƙauyensu na kudancin Borno, ba ta fito da komai ba sai tatsuniyoyinta. Takan zauna bakin murhu tana iza wa Mama wuta, ni kuma ina gefe ina rubuta duk abin da ta faɗa.

"Malama Yagana," takan ce, "rubuta da kyau, kada ki laƙa mini ƙarya."

Ran nan ta madobiya take yi mana. Wai an yi wani rani da shanu suka riƙa faɗuwa, babu ɗanyen ganye ko'ina sai a kan madobiya guda. Bishiyar ta ce wa makiyaya su sassabi rassanta su ba dabbobi, amma su bar mata gindinta. Kowa ya kiyaye, sai wani mai gaggawa ya kafa mata gatari. Jini ya ɓullo.

Nan Kaka ta yi salatin. Wani guntun itace a murhu yana tsiyayar da jan ƙaro, yana tafasa. Da hannunta ta zaro shi, ta shinshina, ta tsoma a bokiti.

"Wa ya sayar muku da wannan?"

"Mai kura ne," in ji Mama. "Itace ai itace ne, Kaka."

"Madobiya ce! A garinmu ko mahaukaci ba ya sa ta a wuta. Ku kuna tuƙa tuwo da ita?"

Washegari ta tare mai kurar. Ya ce, "Hajiya, mutane ba gona, sai saran itace. Na kusa ya ƙare, wannan daga nesa mota ke kawowa. Har saiwa ake tonewa."

Ta tura guntun ƙarƙashin gadonta. Ta ci gaba da yi mana tatsuniyoyi, ban da wannan. Ni kuwa kunya ta hana ni tambaya.

Sai da na shiga jami'a na ci karo da hoton madobiya a wani littafi, cikin jerin itatuwan da ake fargabar ƙarewarsu. Tana son daji mai ciyawa, tana jinkirin girma, masu katako kuma suna lodinta zuwa ƙasashen waje. Na kai shekara ashirin ban taɓa ganinta a tsaye ba.

Na dawo gida na nemo tsohon littafina na tatsuniyoyin Kaka, rabin shafin nan har yanzu fari.

"Kaka, me ya sami mai gatarin?"

Ta dube ni ta ce:

"Ƙarshen wannan ba a gida ake faɗinsa ba, Yagana. A gindinta ake kai yaro, ya dafa ta da hannunsa, sannan a ƙarasa masa. To ke, ina zan kai ki?"