Hular da ke cikin kabad ɗina

Majistare nake a Katsina, amma rabin shekarun aikina a kan gawa suka ƙare. Duk wanda ya mutu ba a san dalili ba, ko aka tsince shi ba a san ko wane ne ba, teburina takardarsa ke zuwa. Ni zan saurari 'yan sanda da likita, in rubuta abin da ya kashe shi, in sa hannu a binne. Abokaina na yi mini tsiya wai ni kaɗai ne alƙalin da ba a taɓa ɗaukaka ƙararsa ba.

Ina da wata al'ada da doka ba ta ɗora mini ba. In za a binne wanda ba a gane ba, nakan sa a wanke rigarsa da hularsa, a ƙulle a leda, in rubuta rana da wurin da aka same shi, in jefa a kabad. Shekarar da soja suka miƙa mulki aka zo fentin ofisoshi, aka ce a kwashe tarkace. Magatakardana har ya kawo buhu. Na ce wanda ya taɓa kabad ɗin nan, ni da shi ne. Raina ya ɓaci sosai a ranar.

Ba a jima ba wata mata daga Ƙofar Durbi ta zo, yayanta na gaba. Mijinta hatsi yake sayarwa a Babbar Kasuwa. Ya fita saro gero ƙauye, wata bakwai ke nan babu shi babu labari. Ita ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Yara kullum sai sun tambaya.

Bayan mun gama gaisawa yayan ya ce, "Ranka shi daɗe, an ce kana aje kayan waɗanda ba a san su ba."

Na fito da ƙulli uku na wancan lokaci. Riguna ba ta ko kalle su ba. Hula ta biyu ta ɗauka, ta juya cikinta, ta bi da yatsa. Ta mutumin da mota ta buge ce a hanyar Batagarawa, wanda fuskarsa ba ta ganuwa.

"Ɗinkina ne," ta ce. "Nan koren zare ya ƙare mani, na cike da wani. Har ya yi mani dariya."

Na ɗauko fayil, na soke "ba a sani ba", na rubuta sunansa da hannuna. Na yanke shari'u da yawa, amma ban taɓa rubuta layin da nake alfahari da shi kamar wannan ba.

Na zaci za ta tambayi direban, ko yadda abin ya faru. Sai ta ɗora hular bisa cinyarta.

"Malam, an dai yi mashi salla?"

"An yi, Hajiya."

"Wa da wa? Ba shi da kowa a wurin."

"Mu biyar ne. Masu haƙa uku, da masinjana. Ni na ja."

Sai a lokacin ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka.