Kawu Illo da Magen Sawakin

Duk wanda ya san Kawu Illo a garin nan na Greensboro ya san ba ya wuce mage bai yi mata sallama ba. Ba wasa nake ba, ku ma shaida ne. Zai tsaya cak, ya ɗan rusuna, ya ce, "Salamu alaikum, baiwar Allah," sannan ya dakata kamar mai jiran amsa. Ranar da zai kai ni suna a Pleasant Garden, a tsakiyar titi ya taka burki saboda wata baƙar mage a bakin ciyawa. Motoci na ta hon a bayanmu, shi ko yana ta kiciniyar sauke gilashi.

Na ce, "Kawu, don Allah mu tafi! Magen Amurka ce, ko Hausa ba ta ji!"

Ya ce, "Innata, ke dai ba ki ga Sawakin ba."

Ga waɗanda suka zo daga baya: shi wan Mamana ne, uba ɗaya, kuma sunan mahaifiyarsa, Balki, aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Innata. Wannan magana tasa kuwa, ba wanda bai sha ta ba. Ka ce farashin kifi ya tashi, ba ka ga Sawakin ba. Ka ce zafi, wannan kam ka jawo wa kanka. A watan Yuli, lokacin da kwalta ke narkewa a bakin afatmen ɗinmu, Kawu zai kashe esi ya zauna da babbar riga. Wata rana Mama ta shigo tana fifita da marfin tukunya.

"Yaya, kashe mu za ka yi?"

"Wannan ai sanyi ne, Hajiya. A Sawakin kaza kan yi ƙwai dafaffe."

"To mu ba kaji ba ne, kunna mana!"

Ya kunna, ya ɗauko bargo ya lulluɓa yana kallonmu, wai mun zalunce shi.

Kifin miyar Mama ma bai tsira ba. Sai a buɗe tukunya a tarar da romo zalla, a leƙa bayan gida a ga maguna sun kewaye shi kamar masu ɗaukar karatu. Manajan gidajen, wata Baturiya mai ƙaramin haƙuri irina, ta zo da kanta ta ce a gaya masa ya daina. Ni ce tafinta. Ya saurara har ta gama, ya ce, "Tambaye ta, ta tabbata duka maguna ne?" Ban fassara ba. Na ce mata ya ce ya gode.

Labarin da ke bayan wannan duka, a guntu-guntu muka tsince shi. Yana ɗan yaro iyayensa suka bar Damagaram a ƙasa za su hajji. Suna tafe suna tsayawa noman auduga, har suka kai Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Maliya, ƙasar Sudan. Suna jiran jirgin Jidda zazzaɓi ya kama mahaifiyarsa. A nan aka binne ta, ruwa kaɗai ya rage tsakaninta da Makka. Abin da ya saura masa nata shi ne wata butar ƙarfe duk lotsa, wadda ko alwala ba ya bari a yi da ita.

Shekarar da likita ya ce idonsa na tafiya kuma ba dawowa, sai ya tashi da maganar umara. Ni ina neman muharrami, shi yana neman mai ido. Na rufe kujerata a shagon kitso muka tafi. Sai da muka gama ɗawafi, ya cika butar nan da zamzam ya toshe bakinta da tsumma, sannan ya gaya mini takardun da ya sa na sa wa hannu tun a gida har da na shiga Sudan.

"Ba ta kai ga zamzam ba, to zamzam zai je mata. Kafin idon nan ya rufe ina so in ga kabarin."

Na ce, "To, akwai alama? Dutse? Allo?"

"Akwai. Mage ce fara, kunnenta na hagu a yanke. A kai take zaune."

Wallahi sai da na ajiye jakata. "Kawu! Mage ce alamarka? Mage da ke da ƙafa huɗu? Tun kana yaro?"

"Ranar da muka tafi na ce ta tsare mini. Ba ta ce a'a ba."

Na yi masifa har muka shiga jirgin ruwa, na ci gaba a cikinsa tsakanin amai da amai. Shi ko yana rungume da buta kamar jariri.

Jama'a, na ga Sawakin, kuma na janye duk dariyar da na yi wa maganar zafi. Iskar kanta kamar an buɗe tanda a fuskarka, ga gishiri na manne wa leɓe. Tsohon garin wani ɗan tsibiri ne, an gina shi da farin dutsen cikin teku, kuma duk ya rushe. Za ka ga ƙofa a tsaye da adonta, babu gida a bayanta. Za ka ga matakala ta hau sama ta ƙare a iska. Rana tsaka ce, ko inuwa babu, kuma ba ka jin komai, ko kukan tsuntsu, sai ƙarar takalminka. Sai maguna. A kan kowane tulin dutse akwai ɗaya, ba sa gudu, ba sa kuka, kai kawai suke juyawa suna bin ka da ido. Kawu yana tafe yana rarraba sallama dama da hagu kamar ɗan siyasa.

Mai keken jakin da ya ɗauko mu, wani tsoho ne jikan mahajjatan da suka maƙale a can, Hausarsa irin ta kakanni. Da ya ga na ɗaga ƙafa zan kori wata, sai ya ce, "Ɗiyata, a nan ba a yi musu tsawa. Ba duka muka san iyayensu ba." Ya kai mu tsohuwar maƙabartar mahajjata a bayan gari, ya tsaya nesa, ya ce jakinsa ba ya ƙarasawa.

Fili ne fetal, tudun yashi bayan tudun yashi, duk iri ɗaya, iska ta share rabinsu. Kawu ya tsaya yana ƙifta ido. A nan na gane mun makara: hasken ya fi ƙarfinsa, ba ya ganin komai sai fari.

"Duba mini, Innata."

Na duba. Na ce, "Babu komai, Kawu." Kun san ni, ban iya ƙaryar lallashi ba. "Yashi ne kawai. Ka zuba a ko'ina, Allah Ya san niyya."

"Ba ko'ina ta kwanta ba. Ƙara dubawa."

Muka yi ta zagaye, yana riƙe da gefen mayafina. Harshena ya bushe, kaina na sarawa. Na juyo zan ce masa ni fa na gaji, sai na tsaya cak. Can gefe, kan wani ɗan tudu da na rantse mun wuce shi babu kowa, ga ta zaune. Fara. Na matsa don in ƙaryata kaina. Kunnen hagu a yanke.

A cikin wannan zafi, tsigar jikina ta tashi.

Ya ji yadda na tsaya. Ya ce, "Kai ni." Ya durƙusa da kyar, ya ce, "Salamu alaikum. Na daɗe, ki yi haƙuri." Magen ta miƙe ta sauka daga tudun a hankali, kamar wadda aka karɓi aiki daga hannunta. Ya cire tsumman, ya yayyafa zamzam daga kai zuwa ƙafa yana addu'a, muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro. Yashin ya shanye nan take. Da na ɗaga kai, fili ne ko'ina, ba wurin ɓuya, kuma ba mage.

Muka koma muka hau keken jaki. Na ce, "Kawu, ba fa ita ba ce. Jikar jikarta ce, ko dai wata. Mage ba ta yin waɗannan shekaru."

Ya ce, "Wa ya ce miki mage ce?"



Bayan mun dawo idon ya rufe gaba ɗaya, bai taɓa ƙorafi ba. Cewa yake ya riga ya ga abin da zai gani, ko da yake ni na gani masa. Da Allah Ya yi masa rasuwa, ran sadakar uku, bayan kun watse, na fita zubar da shara na tarar da magunan nan a bayan gida, sun jeru shiru suna kallon ƙofarmu. Ban ce na yarda da komai ba, kada wani ya je ya ce Balki ta fara halin Kawu. Amma na yi musu sallama, na koma na buɗe tukunyar Mama.

Allah Ya jiƙan Kawu Illo, Ya mayar masa da ganinsa a inda ya fi nan haske. Ya sanyaya kabarinsa da na baiwar Allah da ke kwance a bakin teku, wadda nake amsa sunanta. Ya haɗa su a inuwar da babu zafi, Ya shayar da su tare. Amin.