Nasidi da Kaucin Bature

A Rogo in ka ambaci Nasidi sai a ce maka, "Mai fulawa?" kuma ba da fara'a za a tambaya ba. Dogo ne, busasshe, yana amsa gaisuwa kamar an taka masa ƙafa. Ƙuruciyarsa duk a Samaru ta Zariya ya yi ta, yana aikin gadina a gidan wani Bature malamin gona. Da Baturen da matarsa suka tashi komawa ƙasarsu a farkon shekarun tamanin, kuku ya samu keke, mai wanki ya samu rediyo. Shi Nasidi tukwanen fure ya roƙa, ya loda su a akori-kura ya kawo gidan gadonsu, inda ƙaninsa Shitu ke zaune da matarsa Laure.

Furen ma ba irin wanda aka sani ba ne. Okid ake ce masa, ba ya son ƙasa, sai ɓawon itace da gawayi, saiwoyinsa a waje fari fat. Mutanen unguwa suka leƙa suka ce ai wannan kauci ne, kaucin Bature, kuma mai tara kauci a gida ya san abin da yake nufi da shi. Nasidi bai damu ya wanke kansa ba. Ya kafa rumfar zana a gindin rijiya, ya rataye buhunan algarara yana jiƙa su don sanyi. Da bazara, rijiya ta ja baya, Laure na kankare laka da guga don ta samu na tuwo, shi kuwa yana shayar da abin da ko akuya ba ta ci. In ta yi magana ya ce mata ba ta san daraja ba. Gaskiya dai furen in ya buɗe yana da kyau, amma ba wanda Nasidi ya taɓa bari ya matsa kusa ya gani.

Wata damina, bayan ya rarraba manyan tukwanen ya ƙara yawansu, sai ganye ya fara canzawa. Zane-zane rawaya ya bi tsawonsa, baƙaƙen ɗigo suka lotsa a ciki, furen da ya fito kuma launinsa ya dame kamar zanen da ya zuba a wanki. Nasidi ya ƙara zana ko rana ce, ba ta canza ba. Ya bi bayan ganye ɗaya-ɗaya yana neman ƙwaro, bai ga komai ba. Ya sake gawayi, ya rage ban ruwa. Sabon tofo ya fito da tabonsa tun yana ƙarami.

Ran nan ya tarar da kumfar omo a kwatar da ke wucewa ta gefen rumfar, shi ke nan ya samu mai laifi. Ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya.

"Laure! Ruwan wankinki kike zuba musu in na tafi masallaci, ko?"

Laure ta fito da muciya a hannu. "Ni, Yaya? Wallahi ko kallonsu ba na yi. Me zan ci da ciyawarka?"

"Bakinki ma ya isa ya ƙone su. Tun da na kawo su kike musu fatan tsiya."

Shitu ya dawo daga gonar gyaɗa ya tarar da rigimar. Mutum ne mai sanyi, ya ce, "Yaya, don Allah a bar maganar nan. Tsiro ne, yana ciwo kamar kowa." Nasidi ya ce in tana da gaskiya ta dafa Alƙur'ani a gaban liman. Kowa ya san ba a kai mutum ga rantsuwa sai an ɗauke shi ɓarawo ko maƙaryaci, balle matar ƙani, uwar 'ya'ya, a kan fure.

Matar Nasidi, Safara'u, ta bi shi ɗaki tana magana ƙasa-ƙasa. "Malam, ba kai ka ba ni labarin yadda Baturiyar nan ke gane cutarsu da ganyen rai-ɗore ba? Ga shi nan birjik a bayan gida. Ka gwada mana tukuna." Ya ce ta rufe masa baki, ya san abin da yake yi. Ya sani ɗin kuwa. In omo ne, sai a wanke saiwa tsiro ya farfaɗo. In kuwa cutar nan ce da ke shiga ruwan jikin tsiro, ba ta da magani sai wuta. Tsoron amsar yake ji, Laure kuwa ba ya tsoronta.

Laure ta yi alwala, ta sa mayafi, ta rantse a zauren liman, dattawan unguwa na zaune, hawaye na zuba. Da aka cire gyaɗa Shitu ya kwashe iyalinsa da 'yan komatsansa ya koma Karaye wajen dangin matarsa.

Gida ya zama na Nasidi da matarsa su kaɗai, rijiya ma haka, ba mai wanki kusa da rumfa. Tabo bai fasa ba, sai ma ya kama tukwanen da a da lafiyarsu lau. Sai a sannan ya tsinki ganye mai ciwo ya daka, ya barbaɗa toka mai laushi a ganyen wani matashin rai-ɗore ya goga ruwan a kai. Wani rai-ɗoren na gefe ya goga masa ruwan rijiya zalla. Bayan 'yan kwanaki na farkon ya fito da jajayen ɗigo, na biyun ko gezau. Nasidi ya daɗe a tsugune. Ya tuna Baturiya ba ta taɓa yanka tsiro biyu ba tare da ta gasa wuƙa a wuta ba, shi kuwa da wuƙa ɗaya ya bi tukwanen nan kaf, yana sauri kafin hadari ya sauko.

Ya tara tsirran a bayan gida ya cinna musu wuta, maƙwabta na leƙe ta katanga, wani har yana cewa Allah ya raka taki gona. Washegari ya hau motar Karaye.

Shitu ya shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, ba a zaure ba. Suka gaisa doguwar gaisuwa irin ta baƙi, aka tambayi gajiya, aka tambayi mutanen Rogo. Nasidi ya zaro ganyen rai-ɗore daga aljihu ya shiga bayani, yadda ake dakawa, yadda ake gogawa, yadda ɗigon ke nuna cuta ce ba hannun mutum ba. Yana ta zagaye, kalmar haƙuri ta ƙi fitowa.

Shitu ya saurara har ƙarshe, ko kallon ganyen bai yi ba. Sannan ya ce, "Yaya, abu ɗaya zan tambaye ka. Wannan gwajin, ka iya shi tun kafin ka sa ta dafa Alƙur'ani?"

Nasidi ya dubi ƙasa. Duk halinsa, bai iya ƙarya ba.

"Na iya."

Shitu ya miƙe ya kama gefen tabarmar, ya tsaya yana jiran yayansa ya tashi daga kai.